Hoton Huhun Wule Bai Ga Abin da Ya Kashe Ta Ba

Zuwa ga Shugaban ayarin likitocin dabbobi da suka zagayo yankinmu bayan kaka.

Ranka ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri. Ni manomi ne daga wani ƙauye kusa da Gangara. Yanzu da ake shirin mayar da mulki hannun farar hula, an ce talaka ma yana iya magana, to ga tawa.

Na farko, saniyar da na kawo muku ranar kasuwa, mai suna Wule, ba tawa ba ce. Habbanaye ce. Aminina Buba, Bafillace, ya ba ni riƙonta in sha nono, in riƙe 'yan maruƙa, daga baya in mayar masa da uwar. Irin wannan saniya ba a sa mata wuƙa sai da izinin mai ita. Da ta fara haki tana ƙin ci, na yi niyyar aika masa ya zo.

Na biyu, likitanku ya shafa mata mai a haƙarƙari, ya ɗora na'ura, hoton huhu ya fito a gilashi. Ya ce bai ga komai ba. Mu mutanen ƙauye, idan na'ura ta ce ba ta gani ba, babu ke nan. Sai na aika wa Buba cewa ya kwantar da hankalinsa. Ba a yi mako ba ta faɗi a turke, ta tafi mushe. Likitan dabbobi na garin Agiye ya buɗe ta, ya nuna mini gudajin jini sun toshe jijiyoyin huhunta. Ya ce irin wannan hoto yakan wuce su bai gani ba.

Ban zargi likitanku da mugunta ba, har wuyanta ya shafa yana lallashinta. Kalma ɗaya ce ya rage mini: cewa rashin gani ba rashin ciwo ba ne.

Roƙona, ku riƙa faɗa wa mutane iyakar ganin na'urarku, da Hausa da Fillanci, kafin su juya da dabbarsu.

Buba bai nemi ramuwa ba. Ta'aziyya ya zo yi wa 'ya'yana, da zai tafi ya ɗaure mini wata karsana. Wallahi kunyarsa ta fi mini rashin Wule zafi, kuma kullum da safe sai na kasa kunne ga numfashin karsanar.

Allah ya ƙara muku basira, ya sa albarka a aikinku.

Wassalam.

Naku, Idi Mamman, ƙasar Gangara.