Takaba da Ƙarfe a Ƙugu

Wai in mutum ya bar maka magana ya fita, Allah bai ba shi ikon dawowa ya janye ta ba, har yaushe maganar za ta ci gaba da binka? Tun ranar da aka kai mijina Malam makwancinshi nake wannan tambaya, ban samu amsa ba.

Assalamu alaikum jama'ar wannan dandali, ina gaishe ku manya da yara. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, waya ma sai dai in an kira in ɗauka. Maƙwabciyata ke rubuta mani, malamar makaranta ce mutuniyar kudancin Kaduna, mun daɗe katanga ɗaya a nan wajen Ƙofar 'Yandaka. Ita ta ce a cikinku akwai masu ilimi, akwai kuma waɗanda suka yi irin jinyata. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara. In kun ga magana ta karkace, kuka ne ya ci ƙarfina. Don Allah ku ba ni shawara.

Da damina na zame bakin rijiyar gidanmu, gansakuka ta ja ni, na faɗi bisa ƙugu. Aka fara kai ni wurin mai ɗori, aka sha wahala, ƙafa ta ƙi taku. Daga baya aka tafi asibiti aka yi hoto, likita ya ce kan ƙashin ya lalace, sai an cire an sa na ƙarfe. Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Ranar sallama suka jero mani dokoki, ba zama bisa tabarma, ba tsugunno, ba harɗe ƙafa, in abu ya faɗi kada in duƙa in ɗauka, in zan kwanta a sa matashi tsakanin ƙafafuna, salla ma bisa kujera. Babbar dokar kuma ita ce tafiya, kullum sai na taka, ko da ciwo. Suka ba ni wani ƙarfe mai ƙafa huɗu da ake riƙewa da hannu biyu ana turawa gaba.

Malam, mijina, shi ya ɗauki jinyar nan. Mutumin da tun aurenmu bai san inda ake aje ludayi ba, shi ne ya sa bulo ƙarƙashin gado da kujera don su yi tsawo, ya sa kafinta ya yi mani kujera mai rami saboda bayan gidanmu na tsugunno ne. Da ƙarfen ya fara ci mani tafin hannu, ya yaga tsohon rawaninshi ya naɗe mariƙin. Shi ya raɗa ma ƙarfen suna jaki. Kullum da hantsi sai ya leƙo ya ce, "Goggo, an ɗaure jaki bakin ƙofa, ko sai an kira maroƙi?" Goggo yake ce mani, yadda yara ke faɗi. In na ce Malam ka ƙyale ni ciwo nake ji, sai ya ce ciwon ma ya taso mu tafi da shi. Ina gaba ina tura jaki, yana baya yana riƙe da ɗaurin zanena. Da farko iyakata bakin ɗaki, sannan muka kai randa, sannan muka kai rijiya. Ranar da muka isa rijiyar ya ce in tsaya in harare ta da kyau, ta san ba ta ci nasara ba. Zaure kaɗai ya rage mana.

Sai robar ƙafa ɗaya ta jakin ta cinye, ya fara santsi bisa siminti. Ranar nan da hantsi Malam ya zaunar da ni bisa kujerata a bakin ɗaki, ya saɓa jakin a kafaɗa zai kai wurin mai faci a bakin titi a yanko tsohuwar taya a liƙa. Ya faɗa mani magana ya fita. An ce ya miƙa jakin, ya zauna bisa benci yana jira, ya ce kanshi na juyawa, sai ya sulale. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinshi. Ni kuwa ina nan bisa kujera ina jin haushinshi, ina cewa a raina ya tsaya hira a majalisa ya mance da ni. Wannan haushin da na ji, har yau ban yafe ma kaina shi ba.

Ranar uku mai facin ya zo gaisuwa, ya kawo jakin, ya sa mashi sabuwar roba ƙafa huɗun duka. Aka jingine shi bakin ƙofar ɗakina. Yana nan inda aka aje shi, ga shi har ana maganar arba'in, ban sake takawa da shi ba. In zan tashi daga gado zuwa kujera sai mata biyu sun tallafe ni. Ƙafar ta fara kumbura, ta yi nauyi kamar ba tawa ba, bayana ya fara saɓa saboda zama. Wata ma'aikaciya mai gashin ƙashi ta zo gida ta duba ni, ba ta ɓoye mani ba, ta ce in na ci gaba haka ƙafar za ta ƙage, jini kan daskare a jijiya, aikin da aka yi ya tashi banza. Ta ce ƙarfen da ke jikina lafiyarshi lau, ni ce na tsaya.

Daga nan rigima ta tashi. Ɗiyata da ke aure a Kambarawa ta ce za ta ɗauke ni, gidansu shimfiɗe yake babu dokin ƙofa, bayan gidan na zama ne, kuma mijinta zai riƙa kai ni gashi da mota. Ƙanwar Malam, wadda ta tare nan tun rasuwar, ta ce ba a gidansu ba, mace na takaba a ɗakin da mijinta ya bar ta. Dama tun zaman makoki take ciki da ni, mata na bisa tabarma ni ina bisa doguwar kujera, na ji tana ce ma wata wai ita ba ta gane ba, zaman makoki ake ko zaman fada. Ɗiyata ta tambaye ta in na gurgunce ita za ta riƙa goya ni, ita kuma ta ce yaran yanzu likita suke tsoro ba Allah ba. Aka yi ta yi har maƙwabta suka shigo. Ɗiyata ta tafi wurin limamin unguwa, ya aiko cewa larura ce, in zaman gidan zai cutar da ni babu laifi in ƙarasa takaba a can, zuwa asibiti ma ba a hana ba. Ƙanwar Malam ta ce ta ji, amma ita dai ta san abin da aka gada. Yanzu ba su gaisawa, kuma kowace ta zuba mani ido in raba gardama.

Na ce ba ni zuwa. Ƙanwar Malam ta ɗauka tsoron Allah ne, har ta fara sa mani albarka. Ɗiyata ta ɗauka tsoron bakin mutane ne, ta fita tana kuka, ta ce na zaɓi dangin Baba na bar ƙafata. Duk ba su gane ba, ni kuma ban faɗa masu ba, don ina jin kunyar a ce tsohuwa ta taɓu. Maganar da Malam ya bar mani ce ta riƙe ni. Na san ya rasu, na ga makara ta wuce ta gabana, ba hauka nake ba. Na kuma san abin da yake nufi, tsoron kada in faɗi ne kawai. Amma tun ina yarinya aka kawo ni gidan nan, mun yi faɗa mun shirya, ban taɓa fita ko zaure ba sai ya ce je ki. Wannan karon bai dawo ya ce ba.

Shekaranjiya na gwada. Na sa maƙwabciyar nan tawa ta matso mani da jakin, na ɗora hannu bisa rawanin nan, na yunƙura har na miƙe. Sai na ji bayana babu kowa, babu mai riƙe ɗaurin zane. Na koma na zauna. Ta ce, "Mama, bari in riƙe ki." Na ce ba yau ba. Ita ce mutum ta farko da na faɗa ma gaskiya, sai ta ce mu rubuto maku.

To jama'a, ya zan yi? In bi ɗiyata Kambarawa in bar ɗakin da ya bar ni, ko in zauna nan in koyi tafiya da wani a bayana? Waɗanda aka yi ma irin aikina, bayan dogon zama haka ƙafa na dawowa, ko na makara? Ta ina ake sake farawa, daga bakin ɗaki? Malamai kuma ku faɗa mani, in na tashi na taka, na saɓa mashi ne ko na cika mashi buri? Ina son in yi tafiya, wallahi ina so, ina son in kai zauren nan da ƙafata. Ku sa shi cikin addu'a, ku kuma faɗa mani yadda ake tashi daga ƙarƙashin magana irin wannan. Ga yadda ya faɗe ta, da jaki a kafaɗa, yana dariya, ƙafarshi ɗaya a waje:

"Goggo, na san ki da gaggawa. Kada ki kuskura ki tashi sai na dawo. Yau har zaure za mu."