Ranar da Lilo Ya Tsaya da Malika a Sama

Unguwar Zariya, Maraɗi
16 ga watan Mayu, 1995

Zuwa ga yayana Idirisa, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fata takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Habsatu da jaririnku. Allah ya tsare ka a baƙuwar ƙasa, ya sa albarka a nemanka. Mun yi sallar layya lafiya. Inna tana Jiratawa, ƙafarta ta yi sauƙi har tana leƙa garka. Kafin komai, Yaya, 'yarka Malika da ka bar mini amana lafiyarta lau, ko ƙwarzane babu a jikinta. Na fara da wannan ne don kada hankalinka ya tashi da abin da zai biyo baya. Na fi so ka ji daga gare ni kafin direbobi su kai maka labarin da ƙari.

Bara aka buɗe filin wasan yara a hanyar Jiratawa. Wata sosiyete, wato kamfani, mai yin Sabulun Farin Wata ita ta kawo babban lilon da ke ciki, mai kama da ƙatuwar ƙafar keke a tsaye, da kwandunan ƙarfe goma sha biyu da yara ke zama ciki. Ta shafe shi da shuɗi da fari irin na takardar sabulunta, ta kafa allon sunanta a ƙofa, ta ce duk yaron da ya kawo takardar sabulu biyar zai hau kyauta. Mijina Sa'idu ne aka ɗauka ya kula da injin, tunda bakanike ne. Sai ya zamana kalar nan ta zo ɗaya da ta ƙyallen wata jam'iyya, kuma ka san tun da manyan Yamai suka raba gari, kowa a nan kala yake dubawa kafin ya amsa gaisuwa. Magana ta bazu wai mai sosiyeten ne ke ɗaukar nauyin jam'iyyar. Sa'idu ya gaya wa direktansu, shugaban sosiyeten, ya yi dariya ya ce sabulu ba shi da jam'iyya.

Kashegarin yawon salla na kai Malika da 'yata Fadila filin bayan la'asar, don wata biyu Malika ta yi tana tara musu takardu. Suka shiga kwando ɗaya, lilo ya tashi. Ana cikin haka muka ji hayaniya daga titi, ashe masu dawowa daga mitin ɗin siyasa ne suka yi taho-mu-gama da abokan hamayyarsu. Kafin mu ankara duwatsu sun fara sauka kan allon, mutane na tserewa da 'ya'yansu. Sai wuta ta ɗauke, lilo ya tsaya cik, kwandon 'yan matanmu can a ƙololuwa, sama da kan itatuwan bedi. Ina hango Fadila tana neman miƙewa tsaye, kwandon na rangaji, ga hayaƙin barkonon tsohuwa iska na turowa. Ina kiran sunayensu, amma ni kaina ban jin muryata.

Lilon yana da hannun ƙarfe da ake juya shi in babu wuta, amma sai maza huɗu, ga abokan aikin Sa'idu duk sun gudu. Shi kaɗai yake ta fama, abin ko motsi. Sai ga wani mutum ya shigo da jarkar fetur, fuskarsa rufe da rawani, ya nufi gindin lilon. Ban san lokacin da na riƙe rigarsa ba. Rawanin ya zame, sai na ga Ilyasu tela ne na bakin layinmu, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ya ɗinka wa yaran kayan salla. Na ce ya ɗaga kai ya duba ɗinkinsa a jikin 'yan matanmu. Ya ɗaga, ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye jarkar ya kira mutum biyu cikin waɗanda suka zo tare, suka kama hannun ƙarfen da Sa'idu. Kwando ɗaya-ɗaya suke saukowa ana fitar da yara, namu ne kusan na ƙarshe. Ana kiran magariba suka taɓa ƙasa. Ashe Malika ta kwance kallabinta ta ɗaure Fadila a jikin ƙarfe. Ba ta yi kuka ba, amma sai da muka ɓamɓare yatsunta daga jikin Fadila ɗaya bayan ɗaya.

Tun ranar magana ta yi mata wuya, kuma in ta ji ƙanshin sabulun nan sai amai. Ni kuma ko tulu na ɗauka sai tunani ya zo mini, da a ce ba ɗinkinsa ne a jikinsu ba fa? Da 'ya'yan wasu ne kawai a sama? Ilyasu yana sauya hanya in ya hango ni, ni ma ban san da wane ido zan kalle shi ba.

Ga abin da ya sa na rubuto da gaggawa. Shekaranjiya direktan ya zo gida da katan na sabulu da mai ɗaukar hoto. Ya ce gari duk ya ɗauka da labarin yarinyar da ba ta yi kuka ba, suna son sa hotonta a sabon allon, za su ba ta kayan lakwal, wato na makaranta, na shekara uku. Na ce uban yarinya yana raye, sai abin da ya ce. Ya tafi ransa a ɓace, kuma Sa'idu yana tsoron a sallame shi, ko da yake bai matsa mini ba. Yaya, allon nan shi aka jefa da duwatsu, shi aka yayyaga bayan mun tafi. Ina tsoron a kafa fuskar 'yarka a wurin, kowa ya san ta, a ce 'yar jam'iyya kaza ce, ga ta tana tafiya lakwal a ƙasa kullum. Ni dai ban yarda ba, amma maganarka ta fi tawa nauyi a wurinsu. Ka aiko da amsa a rubuce in nuna masa. Kafin nan gobe zan kai ta wurin Inna ta huta.

Ka gaida Habsatu, ka shafa mini kan jariri. Ka gaida Mahamadu maƙwabcinka da zai karanta maka in idon ya dame ka. Inna da Sa'idu da Kawu Abdu na Tsibiri suna gaishe ka. Na tambayi Malika ko tana da saƙo, sai da na fara naɗe takarda sannan ta ce in gaya wa Baba ba ta saki Fadila ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Tasalla