Asibitin da Ya Rasa Gunduma

Maigidana,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da Inna da Auta. Yaya sabon ofis, yaya baƙunta? Ni ma lafiya lau, sai kewarku.

Ka ce in hanzarta takardar canjin wurin aiki in biyo ku. Wallahi na yi ƙoƙari. Na sauka tsohuwar hedikwata, na wuni a bencin ƙofar ofishin lafiya. Shugaban sashe ya karɓe ni da fara'a, amma ya ce tun da aka raba gundumar nan gida biyu, asibitinmu ya koma ɓangarenku, ba shi da hurumin sa hannu. Kai kuma ga shi ka rubuto cewa a ofishinku an duba, ba ma cikin nasu.

Na gano inda matsalar take. Doka ta ce rafi ne iyaka. Wanda ya tsara ta a kwari ya tsaya, inda rafin yake ɗaya. Bai hau ya ga cewa a nan saman dutse rafin biyu ne ba, ɗaya ta gabas da garin, ɗaya ta yamma. Mu muna tsakiya.

Da na ba Kaka labari, tsohuwar da nake zaune a gidanta, sai da ta yi dariya har da tari. Ta ce tana yarinya nan ne mazaunin mulki, da kotu da gidan waya, domin manya suna son sanyin wurin. Da aka yi titi a kwari suka kwashe suka sauka. Daga baya aka haɗe garin da wata gunduma, aka sake cire shi. Ita dai ba ta taɓa ƙaura ba, amma an sauya mata gunduma fiye da yadda ta sauya tabarma. Kotun ma yanzu awaki ke kwana a ciki.

Ka shafa mini kan Auta.

Matarka,
wadda mutanen nan suka laƙaba wa Likita

Maigidana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Damina ta kankama. Da safe gajimare ke saukowa har tsakar gida, daga ƙofar ɗakina ba na hango asibiti. Gonakin da aka yi hawa-hawa a jikin dutse sun yi kore shar, ruwa na zubowa ta kowane tsagi. Wuri mai kyau haka, ba ni da wanda zan ce wa duba.

Abokin aikina ya gaji ya tafi. Magani ya daina zuwa, kowane ɓangare na cewa a tambayi ɗayan. Ni ce mai allura, ni ce mai shara. In na rufe asibiti da yamma sai in zauna a baranda ina kallon birai suna tsallaka kwazazzabo, har su ma su shige.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai. Matar wani mai zuma ta fara naƙuda, ɗan ya zo a gicciye. Na san aikin ya fi ƙarfina, na ce a kai ta babban asibiti. Maza suka cire ƙyauren ɗaki suka ɗora ta, muka gangara cikin ruwan sama. Muna isa rafi muka tarar ruwa ya tafi da rabin gadar katako, wadda tun bara ake jayayya kan mai gyara ta. A bakin rafin na karɓi haihuwar, mata sun kewaye mu da zannuwa. Uwar ta rayu. Yaron bai zo da rai ba. Mijin ya yi mini godiya, ni kuwa na kasa ɗaga kai.

Ka ce haƙorin Auta ya fita. Ban ma san yana girgiɗa ba.

Taka har kullum,
Likita

Maigidana,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna, da fatan kun tashi lafiya.

Addu'armu ta karɓu, sai dai ba ta hanyar da na zata ba. Labarin yaron ya kai kwari, shugabannin gundumomin biyu suka hau dutsen nan da ƙafa, suna haki. Aka kori awaki, aka share tsohuwar kotu, suka zauna. Kan iyaka ba su daidaita ba. Abin da suka amince a kai shi ne a rufe asibitin, masu ciwo su riƙa sauka. Takardata kuwa su biyun suka sa mata hannu, har suna yi wa juna bismilla da biro.

Na ɗauka mutanen gari za su riƙe ni a zuciya. Ashe ba haka ba ne. Mata biyu suka zo suka ce in koya musu abin da ya sauwaƙa kafin in tafi, ɗayarsu matar mai zuma ce. Na nuna musu tafasa almakashi da ɗaure cibiya, da alamun da in sun gani kada su jira, su kama hanya. Hannun matar mai zuman ya fi nawa natsuwa.

Jiya na haɗa kaya. Kaka ta zauna a bakin ƙofa tana kallona, ba ta taya ni ba, ba ta hana ni ba. Da na miƙa hannu zan cire labule sai ta ce, "Likita, bar mini wannan a rataye. In na fito da safe kada in ga ƙofar tsirara."

Na bar mata.

Ina tafe ranar kasuwa, ka tarye ni a tasha. Ka fara gaya wa Auta tun yanzu, kada ta gan ni ta ɓuya bayan Inna. In kuma ka ga na yi shiru a hanya, ka ƙyale ni. Ba rashin murna ba ne.

Sai na iso.

Matarka