Maigidana ya bar sunan Goggo tsirara a waƙar biki

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Maigidana mawaƙin biki ne, yana da ɗan situdiyo a Fadaman Mada. Kun san yadda ake yi, a kawo masa sunayen dangi, ya jera su a waƙa, kowa da kirarinsa. Lafiya lau muke har ya koma karatu, suka yi wani kwas na falsafar ɗabi'a. Tun daga nan bawan Allah ya canza. Wai wani Bature da ya mutu tuntuni ya ce duk abin da ba za ka so kowa a duniya ya riƙa yi ba, kai ma kar ka yi, kuma yabon ƙarya raina mutum ne. Na ce to ai malamanmu ma sun hana ƙarya, amma wa ya taɓa kai kirarin biki kotu? Ya ce shi dai ya daina.

Sai ga bikin ƙanwata a gidanmu, Ƙofar Wambai. Babanmu da kansa ya ce a yi wa Goggo, yayarsa, kirarin mai haɗa zumunci. Tsakani da Allah Goggo ba ta haɗa komai, inda duk ta zauna sai an kwana ana gaba. Maigidana ya ce zai sa sunanta amma ban da kirarin. Na yi magiya har da kuka, ya yi shiru, ni kuma na ɗauka ya haƙura.

Ranar kamu aka saki waƙa. Kowa da baitinsa, mata na ta guɗa, da aka zo kan Goggo sai kawai ya ce Goggo Asabe, kiɗa ya ci gaba shi kaɗai. Wallahi gara a ce bai ambace ta ba. Wata ta ƙyalƙyale da dariya, Goggo ta ja mayafinta ta fita, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Yanzu Baba ya ce kar in sake taka masa gida sai an gyara waƙar an tura wa dangi. Mamana ba ta da lafiya, a waya kawai nake jin muryarta, shi ma sai Baba ya fita masallaci. Maigidana ya je har zaure ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya ce zai yi wa Goggo baitin tana da tsafta da iya tuwo, don wannan gaskiya ne. Baba ya ce rainin hankali ne, ya tashi ya ba shi wuri.

Jiya abokin aikin maigidana ya ce min zai iya sa kwamfuta ta kwaikwayi muryar maigidan nawa ta rera baitin da Baba ke so, ba mai ganewa. In na yarda zan ga mamana, amma duk ranar da waƙar ta faɗa kunnen maigidana na san ba zai ƙara yarda da ni ba. In na ƙi, ban san sai yaushe ba, ga jikin Mama kullum ƙara baya yake.

Ku gaya min, in sa a yi ƙarya da muryar mijina, ko in ci gaba da gaida uwata a ɓoye?