Auwalu Ya Yi Iyo da Takalmi

Daren Asabar, Abbasiyya

Mun dawo daga Rashid, amma barci ya ƙaurace wa idona. Da safe mun zaga tsofaffin gidajen garin, har na fara ƙulla baiti a kan tagoginsu. Sannan jirgi ya kai mu gaɓar da kogin Nilu yake miƙa wuya ga teku, ɗaliban da muka je tare suka tuɓe riguna suka faɗa ruwa.

Auwalu, ɗan marigayi yayana, shi kaɗai ya shiga da riga da takalmi. Ya nufi zurfi, ya daɗe can, fuskarsa babu walwala.

Da ya fito na ce, "Wannan wane irin iyo ne?"

Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri Baffa, gwaji nake. Ranar da jirgi ya kife, ba ya jiran mutum ya cire takalmi."

Daga baya na hango shi yana ƙus-ƙus da mai jirgin, suna nuna wajen Turai.

Baitin ya tsere mini. Ya Allah, amana uwarsa ta damƙa mini! Takalman suna bushewa a baranda. Yanzun nan na ɗauko su na tura ƙarƙashin gadona.