Katin da Ɗiyarki Ta Ɗauka

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambayi labarin makaranta. Makon nan mahaɗan Turanci nake koya wa 'yan aji uku, ajin da ɗiyarki take. Na yanka kwalaye na yi katuna, na rubuta and, or, but, wato da, ko, amma, ina rataya wa yara a wuya. Mai and yakan tsaya tsakanin yara biyu ya riƙe hannunsu duka. Mai or dole ya saki ɗaya. But kuwa na ce musu shi ne munafukin cikinsu: sai ya bari an gama daɗin baki, abin da ya biyo bayansa shi ne ainihin maganar. Suka yi ta dariya.

Ranar Laraba na rubuta Mama da Baba a allo, na bar gurbi a tsakani. Duk ajin suka ce and. Ɗiyarki ita kaɗai ta je ta ɗauko or. Yara suka sa mata ihu wai ta faɗi. Ashe da ta je wurin ubanta, zaunar da ita ya yi ya ce in an yi hutu ta zaɓa, ko ni ko shi. Yarinyar da har yanzu ni ke ɗaure mata takalmi! Sakin da ya yi mini bai ishe shi ba. Raina ya ɓaci, Yaya, amma na ce wa ajin amsarta daidai ce.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Malama

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa. Na ga saƙonki na in yi haƙuri. Haƙurin nake yi, tunda shi kaɗai aka bar mini.

An yi hutu jiya. Uban ɗiyarki ya zo har ƙofar makaranta da motarsa, da sabuwar jaka mai tayoyi, da labarin wata makaranta mai lilo. Me zan ajiye kusa da wannan? Alli? Na tsaya a gefe, don na rantse ba zan ja hannun yarinya kamar akuya a kasuwa ba.

Ta zo ta rungume ni, ta ce tana sona, da Turancin da na koya mata, tsaf babu kuskure. Sai ta ce but, ta kalli motar. Ba ta ƙarasa ba. Ba sai ta ƙarasa ba, ni ce malamarta. Ta shiga motar, suka tafi.

Shekara nawa ina kukan yara ba sa gane darasi. Wanda aka gane mini ke nan.

Ta manta buroshinta a banɗaki. Kada ki ce in aika masa, ya saya.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Malama