Saiwar da Mardiyya Ta Aiko

Gashuwa, 9 ga Nuwamba, 2022

Zuwa ga 'yata Mardiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki Ibram da jikata Khairat. Yaya karatu, yaya sanyin Rasha? Mu nan sai godiya, mahaifiyarki na gaishe ki.

Saƙonki ya iso. Da na kwance ƙunshin na ga wata saiwa kamar dankalin da ya yi jinya, sai da na yi dariya. Ashe wannan ne fiyonin da kike yabo, mai siririn ganye da jan fure? Na karanta dokokinki: kada a binne shi ya wuce yatsa biyu, kada ruwa ya kwanta masa, kuma sai ya sha sanyi. Shekara arba'in ina lambu a bakin kogi, yau ke ce za ki koya min shuka? Na dai bi. Na huda gindin tukunyar ƙasa, na shuka shi, na ajiye kusa da randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan.

Kin ce yakan yi shekara uku kafin ya yi fure, daidai da gama karatunki, kuma in ya buɗe za ki kawo min Khairat. Na riƙe maganar nan. A waya kawai nake ganin yarinyar, ban san nauyinta a hannuna ba.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki, Madu Kyari

Nguru, 21 ga Afrilu, 2023

Mardiyya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Yaya jikin Khairat da haƙoran da take fitarwa?

Daga gidan gwaggonki Zaituna nake rubuto miki. Na zo ganin likitan ido ne, ba wani abu ba ne, hazo-hazo nake ɗan gani. Tukunyarki ma ta zo Nguru, a cinyata ta yi tafiyar, 'yan mota suna ta tsokanata wai na ɗauko amarya. Fiyonin ya tsiro tun watan Fabrairu, ganye sirara kamar na karas. Da zafi ya sauko sai ya fara langaɓewa, na ƙara masa ruwa safe da yamma kamar tattasai. Da na ga bai farfaɗo ba, na ce tunda sanyi yake so, ga firizar da Zaituna take ajiye kifinta na sayarwa. Ta yi faɗa, ta ce ta ga tsufa iri-iri amma ba ta taɓa ganin mai kai ƙasa firiza ba. Kwana huɗu ya yi tsakanin tarwaɗa da karfasa.

Yanzu ganyen ya bushe. Kin ce haka yake yi da zafi, barci ne, ba mutuwa ba. To, yana barci. In ya farka mahaifiyarki za ta ɗauki hoto ta tura miki.

Ina kewarki, musamman da la'asar, lokacin da kike kawo min fura lambu.

Babanki, Madu Kyari

Gashuwa, 2 ga Fabrairu, 2025

'Yata Mardiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Ibram, ki shafa min kan Khairat. Ki yi haƙuri da girman rubutun, ƙanana ba na ganinsu yanzu.

Ina da laifi a wurinki. Fiyonin nan bai yi barci ba. Da na dawo daga Nguru na tona tukunyar, na iske saiwar ta ruɓe, tana wari. Ko ruwan da na cika masa ne, ko ƙanƙarar Zaituna, ko zafin ƙasarmu, Allah masani. Na rasa bakin faɗa miki. Gani nake in na ce ya mutu, alkawarin ma ya bi shi. Da sanyi ya shigo sai na watsa irin karas a tukunyar, da wani sanyin ya zagayo na sake watsawa. Hotunan da kike gani, bara da bana, duk ganyen karas ne. Mahaifiyarki ta ce ba ruwanta, amma ita take ɗauka.

Ke kuma kullum amsarki ɗaya, wai ya yi kyau, Baba. Ke da kika tashi kina cire min ciyawa a fangalin karas, na san kin gane tun hoton farko. Kin rufa min asiri, na gode.

Abin da ya sa na fasa ɓoyewa, likita ya gaya min gaskiya. Idon hagu ya tafi, na dama kuma yana binsa, ba a jin zai kai baɗi. Ban ji tsoron duhun ba, na san hanyar lambu ko ba ido. Fuskar Khairat nake so in gani a gabana, in duba ko ta ɗauko goshinki, tun ina iya dubawa.

Na san saura shekara guda ki gama, na san kuɗin jirgi ba wasa ba ne. Ban taɓa roƙonki komai ba tun da kika tafi. Yau ina roƙo, ko mako biyu ne. Kada ki jira fure, Mardiyya, babu furen da zai fito. Karas ɗin dai ya yi, na hana a cire, na ce Khairat ce za ta tumɓuke shi da hannunta. Ba ya daɗewa a ƙasa in zafi ya fara.

Allah ya kawo ku lafiya.
Babanki mai jiranki, Madu Kyari